Wa Ke Riƙe da Ludayin? Tsokaci Kan "A Dama da Kowa" a Wasan Kwaikwayo

A 'yan shekarun nan babu maganar da ta cika bakin masu shirya wasan kwaikwayo a nan arewacin Ghana kamar "a dama da kowa". Duk takardar neman tallafi da ka ɗauka za ka same ta a ciki. Duk taron ƙaddamar da shiri da ka je sai ka ji ta sau biyar kafin a raba lemo. Mu ma'aikatan rediyo mun fi kowa yayata ta, domin mu ake miƙa wa sanarwar mu karanta. Ni kaina na faɗe ta ba adadi, har ranar da wani dattijo ya tsare ni a Lamashegu ya sa na koma gida ina tambayar kaina abin da nake nufi da ita.

Bahaushe da ya ce "a dama da wane", daga fura ya aro maganar. A wajen damu kuwa matsayi uku ne. Akwai mai riƙe da ludayi, akwai wanda ake dama wa ya sha, akwai kuma ita furar da ake murƙushewa a cikin ƙwarya. Ra'ayina shi ne yawancin abin da muke kira damawa da kowa a wasanninmu bai wuce matsayi na biyu da na uku ba. Ko dai mu dama mu miƙa wa mutane su sha, ko kuma mu mai da rayuwarsu ita ce furar. Ludayin, wato ikon cewa ga yadda labari zai tafi ga inda zai ƙare, bai taɓa barin hannunmu ba. Da laifin kaina zan fara, don kada a ce ina jifa daga bayan katanga.

Wata ƙungiya mai zaman kanta ta kawo wa tasharmu kuɗin shirya wasan kwaikwayo na rediyo da Hausa, kashi 13, a kan yaran da ke rasa makaranta saboda yi wa makafi jagora. Ni da abokan aikina biyu muka rubuta shi. Labarin wani makaho ne mai bara wanda 'yarsa ke jan sandarsa. Malamar makaranta ta roƙe shi ya ƙi, maƙwabta suka yi magana ya ƙi, har wata jami'a ta zo ta wayar masa da kai, ya yi nadama, yarinya ta sa kayan makaranta. Wani abokin aikinmu mai ido ne ya fito a makahon. Ranar ƙaddamarwa muka gayyato makafi biyu, muka zaunar da su a kujerun gaba, aka ɗauki hoto, aka ba su kuɗin mota. A rahoton da aka aika wa masu kuɗi an rubuta cewa an dama da masu buƙata ta musamman, kuma da hannuna na duba rahoton ban ga abin gyara ba.

Bayan kashi na 6 ya fita, wata rana da la'asar na tsaya sayen katin waya kusa da shataletalen Lamashegu. Ina magana da mai shago sai na ji an ce daga kan benci, "Ɗana, kai ne mai makahon nan na ranar Laraba?" Dattijo ne, sandarsa a jingine da gwiwarsa. Da murya ya gane ni. Na ce, "Ni ne, Baba," na gyara tsayuwa ina jiran yabo.

Ya ce, "To, yaya sunansa?"

Na yi shiru. A takardar wasan kowa yana da suna, har mai shayin da ya fito sau ɗaya. Shi kaɗai muka rubuta "Makaho", kuma haka kowa ke kiransa a cikin wasan.

Ya ce, "Mako shida ina saurare. Ban ji ya yi dariya ba, ban ji ya yi faɗa da matarsa ba, ban ji ya ci bashi ba, ban ji yana bin wani ba. Kullum yana jan murya kamar akuyar da aka ɗaure a rana. Haka kuka ji muna magana a gidajenmu?" Kafin in sami amsa ya ƙara da cewa, "Na ji inda kuka dosa, yarinya za ta tafi makaranta. Madalla. To, in ta tafi, wa zai tsallakar da shi titi?"

Daga nan ya ba ni labarinsa. Tasa 'yar tana ƙaramar sakandare, kuma ba jami'ar da ta zo ta roƙe shi kafin ya sa ta. Shi kaɗai yake fita da safe. Sau biyu yana faɗawa lambatun da ba a rufe ba, na biyun har da targaɗe. Inda aka yi domin masu tafiya a ƙasa, babura da teburan 'yan kasuwa sun cinye. Abin da ya fi ƙona masa rai kuwa, tun da wasanmu ya fara, yara suka samu abin tsokana. In ya wuce sai su bi shi da maganar da muka sa a bakin malamar, ta cewa ya saki yarinya ta je makaranta.

Da na zauna na auna maganarsa sai na ga kurakurai uku ya ƙirga mini, kuma dukkansu kurakuran sana'a ne kafin su zama na rashin tausayi. Na farko a wajen gina ɗan wasa: mun rubuta lalura, ba mu rubuta mutum ba. Na biyu a wajen kwaikwayo: abokin aikinmu bai kwaikwayi wani makaho da ya sani ba, muryar bara ya kwaikwaya, wadda su kansu masu barar suke ajiyewa in sun koma gida. Na uku, wanda ya fi nauyi, a wajen warware labari: mun ɗora laifin a kan wanda ya fi kowa rauni, muka bar lambatu da babura da waɗanda alhakin titi ke wuyansu ba mu ko ambace su ba. Shi ya sa wasan ya yi lami. Rikicin da ke cikinsa na ƙarya ne, mutum ne mai taurin kai kawai ake jira ya sauko. Rikicin gaskiya, na uban da ke son 'yarsa ta yi karatu amma yana tsoron karyewa a titi, yana nan zaune a kan benci a unguwarmu, ba mu je mun tambaye shi ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, mu kuwa muka hau rufin da ba namu ba muna ta faci.

Ba mu ne farkon waɗanda suka yi wannan tuntuɓe ba, kuma waɗanda suka riga mu sun bar darasi. A ƙasar Hausa misali mafi kusa shi ne na Zariya. A 1975 aka fara koyar da wasan kwaikwayo a Jami'ar Ahmadu Bello ƙarƙashin Michael Etherton, har aka gina dandalin wasa na ƙasa mai siffar gidan Bahaushe. Malamai da ɗalibai, cikinsu akwai Brian Crow da Salihu Bappa da Oga Steve Abah, ba su tsaya a harabar jami'a ba. A 1977 suka kai Wasan Manoma garin Soba, a zamanin shirin ciyar da ƙasa na gwamnatin Obasanjo, daga baya suka yi aiki a Maska da Bomo da cikin Samaru. Abin da ya burge ni da su shi ne su da kansu suka soki aikinsu. Sun lura cewa in ɗalibi ya shiga ƙauye ya tattara koken mutane, ya koma jami'a ya shirya wasa, ya dawo ya nuna ya tafi, to har yanzu baƙo ne ke gaya wa ɗan gari ciwonsa da maganinsa. Saboda haka a hankali suka karkata ga shirya wasan tare da mutanen gari, a bar labari a buɗe, manomi ya shigo ya ce ba haka abin yake ba, a sake. Tambayar da suke yi wa kansu tun shekaru fiye da 40 da suka wuce, ita ce ni ban yi wa kaina ba.

A Birazil, Augusto Boal, wanda littafinsa kan wasan kwaikwayon waɗanda ake zalunta ya fito a 1974, ya sha ba da labarin abin da ya sauya masa tunani. Sun je ƙauye a arewa maso gabashin ƙasar da wasa mai kira ga manoma su zubar da jini don ƙwato gonakinsu. Da aka tashi, wani manomi ya ji daɗi ya ce su ɗauko bindigoginsu a tafi yanzu. Suka ce bindigogin na wasa ne. Ya ce ba komai, akwai na gaske da za su ishi kowa. Suka ce su 'yan wasa ne, ba mayaƙa ba. Nan manomin ya gane cewa jinin da ake waƙa a kansa nasa ne, ba nasu ba. Daga baya a Peru, a 1973, wata mata cikin 'yan kallo ta yi ta gaya wa 'yan wasa yadda ya kamata matar cikin labari ta yi da mijinta, suna yi ba ya gamsar da ita, har Boal ya ce ta hau ta nuna da kanta. Ta hau ta nuna. Daga irin wannan ne ya gina salon da ɗan kallo ke da ikon tsayar da wasa, ya karɓi matsayin wanda ake zalunta, ya gwada tasa dabarar a gaban kowa. Mu da muka ce wa makaho ya saki 'yarsa, ba ƙafarmu ce za ta shiga lambatu ba. Bambancinmu da masu bindigar katako kaɗan ne.

A Kenya kuwa abin ya kai ga ɗauri. A ƙauyen Kamiriithu, manoma da ma'aikata suka gina dandali da hannunsu, suka ɗauki wasan da Ngugi wa Thiong'o da Ngugi wa Mirii suka rubuta da harshen Gikuyu, Ngaahika Ndeenda, suka yi watanni suna gwaji a fili kowa na kallo, suna gyara wa marubutan harshe da tarihi. An fara nuna shi a Oktoba 1977, gwamnati ta hana a Nuwamba, a ƙarshen Disamba aka tsare Ngugi wa Thiong'o kusan shekara guda ba shari'a, a Maris 1982 kuma aka rushe dandalin. Ngugi ya daɗe yana rubuta littattafai masu zafi da Turanci ba a kama shi ba. Sai da talakawa suka riƙe labarin da harshensu hukuma ta firgita. Wannan ya nuna mini cewa damawar gaskiya tana taɓa iko, shi ya sa ta jabu ta fi yawa a kasuwa: ba ta ɓata wa kowa rai.

A nan gida Ghana muna da Efua Sutherland. Ta kafa ɗakin wasan kwaikwayo a Akra wanda aka buɗe a 1961, amma ba ta ɗauka cewa duk mai son wasa sai ya zo birni ba. A ƙauyen Ekumfi Atwia ta taimaka aka gina Kodzidan, wato gidan labari, domin masu tatsuniyar garin su yi abinsu a wurinsu. A tatsuniyar Akan mai sauraro yana da damar katse mai ba da labari da waƙa, kuma ta ɗauki wannan ta sa a wasanta na auren Anansewa da aka buga a 1975. Damar katsewa ɗin nan ita ce zuciyar maganar. Wanda ba shi da ikon ce maka "tsaya, ba haka ba ne", ko a kujerar gaba ka ajiye shi, ɗan rakiya ne.

Kada a ɗauka wannan tunani baƙo ne a wurinmu. A tashe, wanda ake farawa in azumi ya kwana goma, ba a tambayar yaro takardar makaranta ko sunan ubansa. Gida-gida ake bi, har matan da ba sa fita wasan yana iske su a tsakar gida. A wasan gauta, matan gidan sarauta ne ke kwaikwayon sarki da hakimansa a gabansu, su nuna musu halayensu, abin da ba mai iya faɗa da baki. Wato an daɗe da sanin cewa wasa wuri ne da na ƙasa ke karɓar ludayi, ko da na yini ɗaya ne. Sai dai kada mu yi wa al'ada kwalliyar da ba tata ba. Tashen da ke karɓar kowa shi ne kuma ke bin gwauro da tsokana har ƙofar ɗakinsa. Karin maganarmu cike take da makaho da kuturu da gurgu a matsayin abin dariya, kamar wanda ya rasa ido ya ce ido na wari. Wannan gadon ne ya bi mu har cikin finafinai, na Kano da na Dagbani da ake yi a nan Tamale, inda mai lalura yakan fito ko dai a ba da dariya da shi, ko a jawo hawaye da shi, ko ya zama sakayyar da ta faɗa wa mugu a ƙarshen fim. Mun daina cewa naƙasasshe mun koma cewa mai buƙata ta musamman, amma matsayin da muke ba shi a labari yana nan inda yake.

Na san akwai masu ja, kuma jayayyarsu ba ta banza ba ce. Na farko zai ce ai sunan abin kwaikwayo. In sai makaho zai fito a makaho, to sai ɓarawo zai fito a ɓarawo ke nan? A wasannin yawo na kudancin Ghana an daɗe maza na fitowa a mata, ba wanda ya ce ba wasa ba ne. Na yarda. Ban ce haramun ne mai ido ya fito a makaho ba. Abin da nake ƙi shi ne hanyar ta zama ta tafiya ɗaya: mai ido ya fito a komai har da makaho, makaho kuwa ko a makaho ba a ba shi. A rediyo ma abin ya fi zama abin kunya, domin a nan ba mai ganin kowa. Mutumin da ya gane ni da murya ɗaya a bakin titi, wanda ya san yadda fushi ke sauya numfashin mai magana, ya fi yawancinmu sanin kayan aikin rediyo. Abin da ya hana shi shiga kawai takarda ce da muke karantawa da matakalar bene da muke hawa.

Na biyu zai ce inganci zai faɗi, domin wasa sana'a ce, ba kowa ya iya ba. Wannan ma gaskiya ne, kuma ɗora wanda bai iya ba a dandali don a tafa masa na tausayi wani salon raini ne. Amma iyawa koyo ake yi. A Amurka an kafa ƙungiyar wasan kwaikwayo ta kurame tun 1967, a Ingila Nabil Shaban da Richard Tomlinson suka kafa Graeae a 1980, kuma ba sadaka suka fito nema ba, horo suka yi har suka zama ƙwararru. Mu da ake kira ƙwararru a tashoshinmu, wa ya haife mu da iyawa? Dama aka ba mu muka yi ta kuskure a iska har muka goge. In ba a ba wani irin wannan damar ba, ba a da bakin cewa bai iya ba.

Na uku zai ce mai kuɗi shi ke da saƙo. Wannan ce ta fi ƙarfi, domin ita ce gaskiyar aikinmu. Yawancin wasannin faɗakarwa da ake yi a wannan yanki, na rediyo da na dandalin kasuwa, da kuɗin ƙungiyoyi ake yin su, kuma saƙon yakan zo a rubuce tun kafin a taka ƙauyen. In ƙarshen labari yana cikin yarjejeniya, to duk taron jin ra'ayin jama'a da za a yi ado ne. Ba na cewa a ƙi kuɗin, tasha sai da mai a janareta. Ina cewa marubuci ya nemi sharaɗi ɗaya tun farko: a yarda cewa waɗanda labarin ya shafa suna iya sauya shi. In an ƙi, to a yi wasan, amma a kira shi talla, kada a rubuta a rahoto cewa an dama da kowa.

Doka ma tana bayan wannan magana. Dokar masu lalura ta Ghana ta 2006, mai lamba 715, ta ba da shekara goma a gyara gine-ginen da jama'a ke shiga, wa'adin da ya cika a 2016. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 2006, wadda Ghana ta amince da ita a 2012, a sashe na 30 ba shiga kallo kaɗai ta ambata ba, har da ba su damar bunƙasa basirarsu da amfani da ita. Amma doka ƙofa take iya faɗaɗawa. Ba ta iya shiga ɗakin marubuci ta ce ya ba makahonsa suna.

Kuma maganar ba ta tsaya kan makafi ba. Makarantar kurame tana nan Savelugu, tafiyar ƙasa da awa ɗaya daga Tamale, amma wasan rediyo ba ya isa gare su ko kaɗan, na dandali kuma mukan yi shi ba mai fassara da hannu. Mata fa? Mukan ce ƙofa a buɗe take, sannan mu sa gwaji tsakanin la'asar da magariba, lokacin da tukunya ke kan wuta, daga baya mu ce matan aure ba sa zuwa. Bafulatani a wasanninmu bai cika wuce mai shanun da suka ci gona ba, kuma ban taɓa zama a ɗakin rubutu da Bafulatani makiyayi ba. 'Yan matan da ke zuwa dako kasuwannin Akra da Kumasi mun yi wasa a kansu ya fi a ƙirga, kullum su ne ɓatattu da ake kira su dawo gida, ba mu taɓa barin ɗaya ta lissafa mana abin da ta samu da abin da ta tarar a gida da ta dawo ba. Har a harshe muna yin wariya. Ku saurari wasanninmu na Hausa da kyau: jami'i mai hankali da malami da Hausar Kano suke magana, wawa da ɓarawo kuma da Hausar zangonmu, wadda ba ta damu da bambanta "ya" da "ta" ba, ko da Hausar Badagombe. Da harshen iyayenmu mata muke yi wa kanmu dariya, sannan mu yi mamakin yaranmu na jin kunyarsa.

Saboda haka yanzu in aka ce mini an dama da wasu a wasa, ba na duba hoton ranar ƙaddamarwa. Ina tambaya ne: suna nan tun ana zaɓen labarin, ko sai da aka gama aka kira su? Akwai wani abu guda da aka sauya saboda sun ce a'a? An biya su kamar yadda aka biya sauran, ko kuɗin mota aka ba su? An ba su matsayin da bai shafi lalurarsu ba? Kuma bayan kuɗin tallafi ya ƙare, an sake kiransu? In amsar ta biyu ita ce babu, sauran ba su da amfani.

Mu dai ga abin da muka iya. Kashi 9 an riga an naɗa, saura 4. Na koma wurin dattijon na ba shi haƙuri, ya zo da abokansa biyu, namiji da mace. Muka sauko da na'ura ƙasa, muka zauna a inuwa. Muka riƙa aika musu da layukansu ta saƙon murya a waya, su haddace, mafi yawan lokaci ma su watsar da namu su faɗi nasu, kuma nasun ya fi. Makahon wasa ya sami suna, ya sami mata mai faɗa, ya sami abokai. Suka kawo fage inda makafi suka yi adashe suka kuma tafi a ƙungiya wurin wakilin unguwa kan maganar lambatu. Jami'in ƙungiyar da ta ba da kuɗi bai so ba, ya ce wannan ba ya cikin saƙon da aka amince. Muka yi ta ja, a ƙarshe aka raba: fagen lambatu ya tsaya, amma jami'ar nan mai wayar da kai ita ma ta tsaya, ita ta rufe wasan da jawabinta. Ban yi nasara duka ba, kuma kashi 9 na farko sun riga sun shiga kunnen yara, ba a iya janye su.

Bayan wata huɗu muka yi wani ɗan wasa na kanmu, ba tallafin kowa, a kan rikicin kuɗin haya. Dattijon ne ya fito a maigidan haya, mutum mai baƙar rowa da daɗin baki. Masu sauraro suka yi ta bugo waya suna tsine wa maigidan, wata mata ta rantse irin nata ne sak. Babu wanda ya san makaho ne, babu wanda ya tambaya. Da na kai masa kuɗin aikinsa ya ƙirga da yatsa, ya ce, "Ɗana, na gaba ina son in fito a alƙali." Na ce sai mun ga labarin. Ya ce, "A'a, labarin ai yana wurina."

Har yau lambatun nan a buɗe yake, kuma har yau ban san yadda zan kai wasa Savelugu ba. Masu wannan sana'a da ke karanta ni, a Kano ko Zariya ko Maraɗi ko Kumasi, in akwai wanda ya gwada aiki da kurame ya ga hanya, ina neman ilimi. Allah ya sa mu gyara.